'Yan Damben da Zakaru Suka Guje Wa: Gwanayen Ajin Welta da Tarihi Ya Tauye

A shekarun 1950, cikin leburorin da ke bin motar kwashe shara a unguwannin Pittsburgh ta jihar Pennsylvania a Amurka, akwai wani mutum shiru-shiru mai suna Charley Burley. Kafin ya kama wannan aiki ya yi shekara 14 yana damben boksin na kuɗi, daga 1936 zuwa 1950. Ya hau dandamali sau 98, ya ci 83, kuma duk tsawon shekarun nan ba a samu wanda ya sumar da shi ba, ba a kuma taɓa tsayar da wasa don a cece shi ba. Mutum uku daga cikin waɗanda ya lallasa, Fritzie Zivic da Billy Soose da Archie Moore, kowannensu ya je ya ɗaura kambun duniya daga baya. Shi kuwa Burley ko sau ɗaya ba a ba shi damar neman kambun ba.

Ajin da ya fara yin suna a cikinsa shi ne ajin welta, wanda nauyin ɗan dambe ba ya wuce laba 147, wato kilo 66 da ɗoriya. Nauyi ne na matsakaicin namiji, shi ya sa 'yan damben ajin suke da yawa, kuma a nan ne zafin nama da ƙarfin naushi suke haɗuwa a jikin mutum ɗaya. Duk wanda ya saba zama da masu son boksin ya san sunayen da ake jerowa idan magana ta zo kan wannan aji: Sugar Ray Robinson a gaba, sai Henry Armstrong, Sugar Ray Leonard da Thomas Hearns, matasa kuma su ƙara da Oscar De La Hoya, Floyd Mayweather da Manny Pacquiao. Ba mai musun gwanintar waɗannan. Inda gizo ke saƙar shi ne ma'aunin da ake amfani da shi. Ana ƙirga kambuna, ana ƙirga dalolin da wasa ya tara, alhali kambun boksin ba kofi ba ne da kowa zai shiga gasa ya nema. Mai riƙe da shi da manajansa da mai shirya wasa su ne ke zaɓen wanda za a kara da shi. In sun ga kana da haɗari, kuma sunanka ba ya cika zaure da 'yan kallo, sai ka tsufa kana jira.

Akwai kuma batun wanda zai yaɗa sunanka. Mu da muka san damben gargajiya mun ga yadda sunan Shago ya kai garuruwan da bai taɓa takawa ba saboda ya samu makaɗi Ɗan Anace. A boksin makaɗan su ne jaridun New York, daga baya kuma talabijin. Wanda ba su buga wa kalangu ba, ko ya fi kowa, sai ya shuɗe.

Tun farkon ajin ake wannan. Joe Walcott, wanda aka haifa a 1873 ya kuma tashi a tsibirin Barbados, tsayinsa ƙafa biyar ne da inci ɗaya da rabi, amma ƙattai yake nema. A 1900 ya gama da Joe Choynski a turmi na bakwai, Choynski ɗin da ya yi kunnen doki da Jim Jeffries, ya kuma sumar da Jack Johnson a shekarar da ta biyo. A Disambar 1901 Walcott ya karɓi kambun welta daga hannun Rube Ferns. A 1904 a San Francisco, yana kan gaba a karawarsa da Dixie Kid, sai alƙalin wasa ya kore shi a turmi na 20 da sunan ya yi laifi, daga baya aka gano alƙalin ya zuba kuɗin caca a kan Dixie Kid. Nat Fleischer, wanda ya kafa mujallar The Ring a 1922, ya sa Walcott a matsayi na ɗaya a tarihin ajin. Yau in ka ce Joe Walcott, wani mutum daban za a ɗauka kana nufi: Arnold Cream, wanda ya ari sunan don girmamawa ya kuma ci kambun masu nauyi a 1951. Mai sunan na asali mota ce ta buge shi a jihar Ohio a 1935, ba shi da komai.

Sai dai babu labarin da ya kai na Burley ciwo. An haife shi a 1917, ubansa baƙar fata ne mai aikin haƙar kwal, uwarsa farar fata 'yar asalin Ireland. Tun yana mai son dambe, kafin ya shiga na kuɗi, ya nuna irin halinsa: a 1936 ya ƙi neman gurbin zuwa wasannin Olamfik na Berlin saboda aƙidar Hitler, ya zaɓi wasu wasannin da aka shirya a Barcelona don kishiyantar na Jamus. Yaƙin basasar Sifaniya ya ɓarke kafin a fara, ya dawo gida bai jefa naushi ko ɗaya ba.

Pittsburgh a lokacin gari ne na masana'antar ƙarfe da 'yan dambe, kuma tauraron ajin welta a garin shi ne Fritzie Zivic, mutumin da ya yi kaurin suna wajen tsokane ido da babban yatsa da karo da ka da sa gwiwar hannu. Sun kara sau uku tsakanin 1938 da 1939. Alƙalai suka ba Zivic na farko, Burley ya cinye biyun da suka biyo ba tare da gardama ba. Abin da ɓangaren Zivic ya yi bayan nan ya isa a koyar da shi a makarantar kasuwanci: sai suka sayi kwantiragin Burley. Wanda yake cin abinci a hannunka ba zai fito ya ƙalubalance ka ba. Ranar 4 ga Oktoban 1940 Zivic ne ya hau dandamalin Madison Square Garden ya ƙwace kambu daga Henry Armstrong, Burley yana gefe.

Daga nan yaƙin duniya na biyu ya ƙarasa abin da ya rage. Freddie Cochrane ya karɓe kambun daga Zivic a Yulin 1941, ya shiga sojan ruwa, aka jingine kambun har Fabrairun 1946. Shekara huɗu da rabi ƙofa a rufe. Burley ya ƙara nauyi ya koma ajin matsakaita na laba 160, ya tarar can ma haka: Tony Zale yana soja da kambu a aljihu, da ya dawo kuma Rocky Graziano ya zaɓa, suka yi ta karawa har sau uku daga 1946 zuwa 1948, domin a nan kuɗin suke.

Me ya rage wa mutum irin Burley? Sai ya yi ta dambe da 'yan uwansa waɗanda su ma ake gudu. Su ne marubuci Budd Schulberg ya laƙaba wa Layin Makasa: Holman Williams, Cocoa Kid, Lloyd Marshall, Eddie Booker, Jack Chase, Aaron Wade da Bert Lytell, dukkansu baƙar fata, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa samun damar neman kambun duniya. Burley da Williams sun kara sau bakwai, kowa ya ci uku, ɗaya aka soke. Williams da Cocoa Kid sun kara sau 13. A kan ɗan kuɗi kaɗan suka riƙa cinye juna, kowace karawa tana ƙara wa ɗayansu tabo a takardar tarihi, yadda mai karantawa yau zai ga an doke wane sau goma sha wani abu ya ɗauka ba wani gwani ba ne. Burley da kansa ya sha kashi sau biyu a 1942 a hannun Ezzard Charles, wanda daga baya ya zama zakaran masu nauyi na duniya. Irin mutanen da suke cin sa ke nan.

A Afrilun 1944 a Hollywood aka haɗa shi da Archie Moore. Ya kai Moore ƙasa sau da dama, ya kuma cinye wasan da maki da tazara mai faɗi. Wannan Moore ɗin shi ne ya zo ya riƙe kambun ajin laba 175 kusan shekara goma daga 1952, ya sumar da mutum fiye da 130, ya kara da Rocky Marciano da Muhammad Ali, amma duk sanda aka tambaye shi gwanin da ya fi ba shi wuya sunan Burley yakan fito. Eddie Futch, kocin da ya horar da Joe Frazier da Larry Holmes da Riddick Bowe, shi ma Burley ya ɗauka a matsayin cikakken ɗan damben da ya fi kowa cikin waɗanda idonsa ya gani.

Kuskure ne a jingina abin duka ga launin fata, ko da yake launin ya yi aiki ƙwarai. Armstrong baƙi ne, ya kare kambunsa kusan sau 20 cikin shekara biyu da 'yan watanni, bai waiwayi Burley ko Cocoa Kid ba. Robinson baƙi ne, shi ma an ja masa rai har Disambar 1946 kafin ya doke Tommy Bell ya ɗaura kambu, amma da ya hau bai miƙa wa Burley hannu ba. Gaskiyar ita ce damben Burley ba na tashin ƙura ba ne. Yakan tsaya nesa, hannu a ƙasa, jiki a karkace, ya kauce ya rama, ya kauce ya rama, ba ya ɓarnar naushi. Masana na kallo suna jinjinawa, amma mai sayen tikiti jini yake so ya gani. Ga haɗari ga ƙarancin riba, wane manaja ne zai kai yaronsa?

Ƙarshensu bai yi daɗi ba. Eddie Booker ya makance. Cocoa Kid, bayan wasa fiye da 200, ya rasu a Chicago a 1966 ƙwaƙwalwarsa a taɓe, hannunsa ba ko sisi. Holman Williams ya mutu a gobara a Akron a 1967, a wurin da yake aiki. Burley shi ya fita da hankalinsa da lafiyarsa. An sa sunansa a zauren karrama gwanayen boksin na duniya da ke Canastota a 1992, shekarar da ya rasu. Williams sai 2008, Cocoa Kid sai 2012. Marubucin wasan kwaikwayo August Wilson ya tashi a unguwa ɗaya da Burley, kuma masu nazarin rubutunsa suna ganin inuwar Burley a jikin Troy Maxson, mai kwashe sharar nan na wasan Fences da Denzel Washington ya fito a matsayinsa a fim ɗin 2016. Ko a nan ma ɗan wasan besbol aka mai da shi.

Bayan yaƙi sai wata cutar ta shigo, wato 'yan daba masu riga da kwat. Frankie Carbo da abokinsa Blinky Palermo sun kama wuyan boksin a shekarun 1950, ajin welta kuwa gonarsu ce. Kid Gavilán na Kyuba, wanda ya yi wasa 143 ba a taɓa sumar da shi ba, ya riƙe kambu daga 1951 ya kare shi sau bakwai. A Oktoban 1954 a Philadelphia aka haɗa shi da Johnny Saxton, yaron Palermo. Cikin 'yan jarida 22 da ke bakin dandamali, 20 Gavilán suka ba, alƙalai suka ba Saxton. Ba a sake ba shi damar ramawa ba. Sai a 1961 kotu ta ɗaure Carbo shekara 25, Palermo shekara 15, kuma a kan yunƙurin ƙwace wani zakaran welta ne, Don Jordan, ta hanyar barazana. Gavilán dai ya tsira da sunansa, domin zamaninsa ya dace da shigowar talabijin, Amurkawa sun gan shi da idonsu. Ɗan ƙasarsu da ya biyo bayansa bai yi wannan sa'ar ba.

Luis Manuel Rodríguez, haifaffen Camagüey a 1937, shi ne a ganina wanda aka fi zalunta cikin waɗanda suka taɓa ɗaura kambun. Ya ci wasa 107, aka ci shi 13. Tun a Havana, a 1958, ya doke Benny Paret sau biyu, amma Paret ne ya riga shi zama zakaran duniya. Da gwamnatin Castro ta hana damben kuɗi a farkon shekarun 1960, Rodríguez ya riga ya tare a Miami, a gidan horon Angelo Dundee da ke titi na biyar. Can ne wani saurayi mai suna Cassius Clay, wanda daga baya ya zama Muhammad Ali, ya same shi a ƙarshen 1960. Waɗanda suka zauna a wurin sun sha faɗin cewa saurayin yakan tsaya ya zuba wa Rodríguez ido, yadda yake rawa a kan 'yan yatsun ƙafa, yadda yake sakin naushi huɗu biyar a jere ya zame kafin a rama. Wanda ya kalli faifan mutanen biyu zai ga kamar.

Tarihin Rodríguez ya rataya ne a kan wasa huɗu da Emile Griffith. Griffith ba ƙaramin gwani ba ne, 'yan Najeriya sun san shi, domin shi ne ya karɓe kambun matsakaita daga hannun ɗan ƙasarsu Dick Tiger a Afrilun 1966. Amma ɗan gida ne a New York, Madison Square Garden kamar tsakar gidansu take. A Disambar 1960 suka fara haɗuwa a can, alƙalai suka rabu, biyu suka ba Griffith. Ranar 21 ga Maris 1963 a filin Dodger da ke Los Angeles, alƙalai uku duka suka ba Rodríguez, ya zama zakara. Ko wannan daren bai zama nasa ba, domin a dandamalin ne Davey Moore ya samu raunin da ya yi ajalinsa a karawarsa da Sugar Ramos, jaridu suka koma kan mutuwar, har aka yi ta kiran a haramta boksin ɗungurungum. Ranar 8 ga Yuni aka koma New York, alƙalai suka sake rabuwa, aka mayar wa Griffith kambu, alhali mafi yawan 'yan jaridar da ke wurin Rodríguez suka ba. Kwana 79 ya yi da kambu. A Yunin 1964 a Las Vegas aka yi na huɗu, aka kuma rabuwa, aka kuma ba Griffith.

A dubi wannan da kyau. Sau uku alƙalai suna rabuwa biyu da ɗaya, sau ukun kuma gefe guda ƙuri'ar take faɗawa. Wasa ɗaya tak da alƙalai suka yi baki ɗaya a kai, Rodríguez ne ya ci. Da alƙali ɗaya ya ga turmi ɗaya ko biyu daban a kowane dare, da littattafai sun juye, Rodríguez ake kira gwanin shekarun 1960, Griffith kuma abokin hamayyarsa.

Bai zauna yana kuka ba. Sai ya shiga cin 'yan ajin matsakaita da suka fi shi jiki: Rubin Carter sau biyu a 1965, Bennie Briscoe sau biyu, George Benton. A Nuwamban 1969, yana da shekara 32, ya je birnin Rum neman kambun Nino Benvenuti. Ya fasa masa fuska, wasa yana neman kuɓuce wa ɗan Italiya, sai a turmi na 11 wani naushin hagu ya lanƙwaso ta gefe ya same shi a muƙamuƙi. Damarsa ta ƙarshe ke nan. Ya rasu a Miami a 1996, aka karrama shi a Canastota bayan shekara ɗaya.

José Nápoles, na uku a jerin 'yan Kyuba, shi kam ya samu kambu ya kuma daɗe da shi, amma an makarar da shi. An haife shi a Santiago a 1940, hanin Castro ya kora shi Meziko. Asalinsa ɗan ajin laba 135 zuwa 140 ne, a can ya yi ƙuruciyarsa yana share duk wanda aka kawo. Ya gama da Carlos Hernández a 1964, ya doke Eddie Perkins a 1965, dukansu mutanen da suka ɗaura kambun laba 140, amma masu kambu a waɗannan azuzuwa suka toshe kunne. Sai da ya kai shekara 29 Curtis Cokes, zakaran welta ɗan Dallas, ya yarda ya ba shi dama. Ranar 18 ga Afrilun 1969 a Inglewood ya kumbura wa Cokes ido har aka tsayar da wasa bayan turmi na 13, ya maimaita a Meziko bayan wata biyu, a Oktoba kuma ya doke Griffith da maki bayan ya kai shi ƙasa. (Cokes da kansa yana cikin waɗanda ake mantawa, ga shi kuwa shi ne ya tsayar da Rodríguez a turmi na 15 a 1966.)

Nápoles ba ya gaggawa. Yana matsowa a hankali, ƙafa a ƙasa, ya sunkuyar da kai kaɗan naushi ya wuce, kafin abokin karawa ya janye hannu ya sha uku. Rauninsa ɗaya ne: fatar girarsa ba ta da ƙwari. Tsagewar gira ce ta sa Billy Backus ya karɓe kambun a Disambar 1970, ya kuwa karɓo abinsa bayan wata shida. A zango biyun ya kare kambu sau 13, ya je London, ya je Grenoble, ya je Toronto, ya ci 'yan gida a gaban mutanensu. A Fabrairun 1974 ya yi gangancin hawa ajin matsakaita ya tari Carlos Monzón a Paris, jiki ya fi jiki, ya haƙura bayan turmi na shida. A Disambar 1975 John Stracey na Ingila ya tsayar da shi a filin wasan bijimai na birnin Meziko, yana da shekara 35, bai sake hawa dandamali ba.

To me ya sa ba a cika jin sunansa ba? Shekarunsa na mulki, 1969 zuwa 1975, su ne shekarun Ali da Frazier da Foreman, duniya duk ta can take kallo. Ba ya jin Turanci, yawancin wasanninsa ba a New York aka yi ba. Bayan tafiyarsa da 'yan shekaru kuma Leonard da Hearns da Roberto Durán suka zo da miliyoyin daloli, aka ɗauka da su aka fara ajin. A Meziko kam sun san darajarsa, sun ba shi takardar zama ɗan ƙasa, kuma a can ya rasu a 2019.

Afirka ta Yamma ma tana da nata a wannan jeri. Ike Quartey ɗan Bukom ne, unguwar masunta a Akra wadda ta yi fice da 'yan dambe, kuma wansa Clement ne ya ciyo wa Gana lambar azurfa a Olamfik na Rum a 1960. Ranar 4 ga Yunin 1994 a Faransa Ike ya tsayar da Crisanto España na Venezuela a turmi na 11, ya ɗauki kambun WBA, ya kare shi sau bakwai. Makaminsa naushin hannun gaba ne, wanda wasu ke zungura da shi don auna tazara, shi kuwa nasa yakan girgiza kai har wuya. Ranar 13 ga Fabrairun 1999 a Las Vegas ya kara da De La Hoya, ɗan lelen masu shirya wasa na lokacin. A turmi na shida kowa ya kai ɗan uwansa ƙasa. Tsakiyar wasan ta Quartey ce, amma a turmi na 12 De La Hoya ya sake kayar da shi ya kuma matse shi a jikin igiya. Alƙali ɗaya ya ba Quartey 115 da 114, biyu suka ba De La Hoya 116 da 113, da 116 da 112. Har yau a Akra ba su yarda ba. Ni dai ina ganin wasan ya yi kusa ƙwarai, wanda duk aka ba ba a yi fashi ba, amma tazarar maki huɗu ba ta da madafa. Sai dai Quartey yana da nasa laifin. Ya yi wata 16 bai yi dambe ba kafin wannan dare, bayan Fernando Vargas ya doke shi a 2000 kuma ya ajiye safar hannu kusan shekara biyar. Ba ya cikin goman farko a tarihi, amma a tsakanin De La Hoya da Félix Trinidad da Pernell Whitaker na shekarun 1990 ba baƙo ba ne, sa'a ne.

Akwai wasu da za a iya tsayawa a kansu, irin su Jack Britton da Ted Kid Lewis da suka kara sau 20 tsakanin 1915 da 1921, ko Vernon Forrest da ya doke Shane Mosley sau biyu a 2002 lokacin da ake kiran Mosley gwanin duniya. Amma maganar ta fito.

Mai gardama zai ce Burley ya yi rabin rayuwarsa ta dambe a ajin matsakaita, kuma ba a yabon mutum da kambun da bai ci ba. Zai ce faifan dambensa da ya rage a hannun jama'a bai wuce na karawarsa da Oakland Billy Smith a 1946 ba, don haka da bakin tsofaffi ake auna shi. Duk gaskiya ne. Amma a tuna cewa a zamaninsa aji takwas ne kacal, kuma yawanci zakara ɗaya ne a kowane aji. Yau azuzuwa sun kai 17, kowanne da kambun WBA da WBC da IBF da WBO, ban da ƙananan da ake ƙirƙira don karɓar kuɗin rajista. Ɗan damben yau mai wasa biyu a shekara zai iya tara kambu biyar bai taɓa haɗuwa da wanda ya fi kowa a ajinsa ba. In za a yi adalci, tambayar da za a yi ita ce wa ka doke, a wane lokaci na ƙarfinsa, kuma wa ya ƙi haɗuwa da kai.

Da wannan ma'auni Robinson yana nan a samansa, ba mai taɓa shi. Armstrong da Leonard suna biye. Na huɗu a wurina Nápoles ne, gaban Hearns, gaban Mayweather da Pacquiao, waɗanda mafi kyawun aikinsu ya warwatsu a azuzuwa daban-daban. Gavilán da Griffith suna cikin goma, kuma duk inda aka ajiye Griffith dole a ajiye Rodríguez kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa. Walcott da Burley su ma a cikin goman suke, ko da kambu ko babu. Wanda bai gamsu ba, faifan karawar Rodríguez da Griffith yana nan a intanet. Ya samu takarda da biro, ya kashe muryar mai sharhi, ya ba da makinsa turmi bayan turmi.